Dokar tace sinadarai daga ruwan sha: wa ya kamata ya biya kuɗin?

Bakano_a_Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya takardar kuɗin ruwa ta zo mini haɗe da wata wasiƙa, wadda a cikinta masu kula da ruwan garin da nake zaune a jihar Ohayo ta Amurka suke sanar da mu cewa za su ƙara kuɗi, saboda dole ne su gina sabuwar matatar da za ta cire sinadaran da ake kira PFAS. Asalin maganar ita ce, a watan Afrilun 2024 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da dokar da ta ce biyu daga cikin waɗannan sinadarai, wato PFOA da PFOS, kada kowannensu ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan famfo. Na zauna na lissafa abin da ma'aunin da muka sani a gida, sai na ga daidai yake da ɗigo ɗaya tak a cikin jarka dubu 500 masu cin lita 25. Hukumar da kanta ta ce bin wannan doka zai riƙa cin kimanin dala biliyan 1.5 a kowace shekara. Ni a ganina an wuce gona da iri, domin kuɗi irin wannan zai iya maganin matsalolin da suka fi wannan ɗigo kashe mutane. Ina so masu ilimin abin su nuna mini inda na yi kuskure, idan akwai.

Malama_Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam Bakano. Lissafinka na jarka daidai ne, amma ƙanƙantar ɗigon ba ita ce abin dubawa ba, abin dubawa shi ne inda ɗigon yake zuwa bayan an sha shi. Yawancin abin da muke ci ko sha jiki kan sarrafa shi ya fitar cikin kwanaki, su kuwa waɗannan sinadarai an ƙera su ne musamman don kada wuta ko ruwa ko mai su lalata su, shi ya sa ake amfani da su a tukwanen da abinci ba ya kamawa, da kumfar kashe gobara, da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa. Idan suka shiga jinin mutum sai an yi shekaru kafin rabinsu ya fita, alhali kullum yana ƙara shan wani. A yankin Parkersburg na jihar West Virginia, inda masana'antar DuPont ta daɗe tana zubar da PFOA, an ɗebi jinin mutum kusan dubu 69, kuma kwamitin masanan da ya yi nazarin sakamakon ya ce akwai yiwuwar alaƙa tsakanin sinadarin da cututtuka shida, cikinsu har da kansar ƙoda da ta maraina da hawan jinin masu juna biyu. Irin wannan bincike ne ya sa aka yi dokar da kake ganin ta yi tsauri.

Mai_Lissafi:
Ina da gyara a kan kuɗin. Dala biliyan 1.5 ƙiyasin hukumar ne, ita kuwa ƙungiyar ma'aikatun ruwa ta Amurka ta ce abin zai haura biliyan 3.8 a shekara, kuma har yanzu ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Tun gyaran da aka yi wa dokar ruwan sha ta ƙasar a 1996 aka wajabta wa hukumar ta auna amfanin kowace ƙa'ida da abin da za ta ci, a wannan karon kuwa ta ce kuɗin asibiti da rayukan da za a tsirar sun yi kusan daidai da abin da za a kashe.

Ni jimillar ba ta dame ni ba, yadda nauyin yake rabuwa ne ya dame ni. A 2001 da aka rage iyakar sinadarin arsenik daga maikirogiram 50 zuwa 10 a kowace lita (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), hukumar ta ƙiyasta cewa gida ɗaya a babban gari ba zai biya fiye da ƙarin dala 32 a shekara ba, amma a mafi ƙanƙantar ƙauyuka ƙarin zai iya kai wa dala 327. Dalili kuwa a fili yake, matata tana da farashin da ba ta sauka ƙasa da shi, ko gida dubu ɗari za su raba kuɗinta ko gida arba'in. Doka ɗaya ce, amma na ƙauye ya biya ninki goma na abin da na birni ya biya.

Uwar_Biyu:
Ku yi mini haƙuri, Malamai, amma ni da nake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa a Kano, ban ma san rijiyar da suka ɗebo shi ba, ina ruwana da kashi 4 cikin tiriliyan? Famfon gidanmu ya fi shekara uku bai zubo ko ɗigo ba. Shin mu ma muna da irin wannan doka a Najeriya, ko kuwa zance ne na ƙasashen da suka riga suka ƙoshi?

Injiniyan_Ruwa:
Hajiya, muna da ita. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha a 2007, aka sake duba shi a 2015, kuma mafi yawan iyakokin da ke ciki sun bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Dalma kada ta wuce maikirogiram 10 a lita, arsenik ma haka, fuloraid miligiram 1.5, naitiret miligiram 50. Ruwan leda da na roba kuma hukumar NAFDAC ce ke yi musu rajista. Ke nan a rubuce ba mu rasa komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, rubuta iyaka ba ya cin ko sisi, amma tabbatar da ita yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje mai na'urori masu tsada, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da zai je bakin rijiya ya ɗebo samfuri a kan kari. Yawancin mutanenmu daga rijiyar burtsatse ko ta gargajiya suke sha, kuma mai gida kan haƙa tasa ya fara sha ba tare da wani ya taɓa auna ta ba.

Akwai wurin da na yarda da Malam Bakano. A ƙasar da kwalara da taifot ke kashe yara duk damina, kuɗin farko na kulorin ne da gyaran bututun da ya fashe a cikin kwata. Shi kansa kulorin yana haifar da wasu sinadarai idan ya haɗu da dattin ganye a ruwa, waɗanda aka yi musu iyaka, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa kada a rage kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan. Kwalara kan kashe mutum cikin yini, ɗayan kuwa haɗari ne ƙarami da ke taruwa cikin shekaru masu yawa.

Bagobirin_Maradi:
Injiniya, ban musa maganarka ba, amma ina roƙon kada mu ce sinadarai matsalar Turawa ce kawai, domin ni na ga abin da idona a Tibirin Gobir, nan kusa da Maradi. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, ruwa garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, mutane suna ta murna an raba su da wahala. Aka yi shekaru kusan 15 ana sha kafin a yarda cewa fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa. Akwai wani yaro a gidan da muke sauka idan mun je ziyara, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, haƙoransa sun yi ja kamar na tsohon da ya shekara hamsin yana cin goro, ga shi bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa ta zaga gidajen malamai da masu magani, tana zaton jifa aka yi masa, alhali da hannunta take ɗebo masa cutar a randa tana ba shi. Babu masana'antar da ta zuba wannan sinadari, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake. Abin da aka rasa shi ne awon da ya kamata a yi kafin a buɗe famfo, kuma a riƙa maimaita shi. Ina so Malam Mai_Lissafi ya gaya mini a wane gefen littafinsa ake rubuta ƙafafun wannan yaro.

Mai_Lissafi:
Allah ya ba su lafiya, ya kuma kiyaye na gaba. Malam Bagobiri, misalinka a gefena yake. Auna fuloraid yana cikin gwaje-gwaje mafi arha, ana iya yin sa da ƙaramar na'urar hannu a bakin rijiya, kuma illar da yake karewa babba ce ƙwarai. Auna PFAS a matakin tiriliyan kuwa sai da na'urar da ba kowace jami'a ke da ita ba. Ban taɓa cewa kada a yi doka ba, cewa na yi a jera matsalolin bisa ga abin da kowace naira za ta tsirar, a fara da na sama.

Ɗan_Anka:
Mu ma a Zamfara gurɓataccen ruwa ne ya kashe mana yara sama da 400 a 2010, sanadiyyar gubar dalma. Da akwai doka mai ƙarfi a kan ruwa da ba a yi wannan asara ba.

Likitan_Yara:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ɗan'uwa, amma akwai ɗan gyara. Adadin da shekarar daidai ne, sai dai babbar hanyar da dalmar ta shiga jikin yaran a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ƙura ce da ƙasa, ba ruwa ba. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙa su, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, yara suna rarrafe a kan ƙurar suna kai hannu baki. Shi ya sa aikin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidajen a zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka ba yaran maganin da ke fitar da dalma. An sami dalma a wasu kududdufai da rijiyoyi inda ake wanke garin dutsen, amma dokar ruwa kaɗai ba za ta hana abin da ya faru ba. Na yi wannan gyara ne saboda idan aka kuskure hanyar da guba take bi, kuɗin ma a wurin da bai dace ba za a zuba shi.

Tsohon_Malamin_Makaranta:
Bari in kawo ƙasar da ta fi kama da mu a aljihu. A Bangaladash, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, kuma an yi nasara, mutuwar yara ta ragu. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan ƙarƙashin ƙasar yana ɗauke da arsenik. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakarta zuwa maikirogiram 10, amma Bangaladash ta tsaya a kan 50. Aka bi rijiya-rijiya ana aunawa, wadda ta wuce 50 a shafa wa bakin famfonta jan fenti, wadda ba ta kai ba a shafa mata kore. Da sun ɗauki 10, da jan fenti ya yi yawan da a wasu ƙauyuka ba za a sami inda za a tura mutane ba, sai su koma tafkin da aka gudu daga gare shi. A fahimtata, iyakar da gwamnati za ta iya aunawa ta kuma tilasta ta fi wadda aka kwafo daga Janeba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, aka ajiye a durowa.

Malama_Kimiyya:
Baba, da girmamawa, nan na saɓa maka. Koren fentin nan yana gaya wa mace cewa ruwan lafiya lau ne, alhali yana iya ɗauke da 45, wato fiye da ninki huɗu na abin da aka yarda Ba'amurke ya sha. Hantar ɗan Bangaladash da fatarsa ba su fi na kowa juriya ba. Na yarda gwamnati ta ce ga abin da ƙarfinta ya kai a yanzu, kuma ga shekarar da za ta kai ga sauran, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi a dokarta ta 2020 da ta ce za a rage iyakar dalma zuwa maikirogiram 5 amma ta ba da wa'adi har 2036. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki abin da aljihu ya iya a kira shi abin da jiki ke iya ɗauka.

Mai_Gidan_Ruwan_Leda:
Ni ƙaramar masana'antar ruwan leda gare ni, ma'aikata takwas, kuma duk wannan magana a kaina take ƙarewa. Ina da matatar yashi, da ta gawayi, da mai tsananin tacewa wadda ke cire gishiri da ƙarafa, wadda kuma take zubar da ruwa mai yawa kafin ta ba ka mai kyau, ga man janareta, ga sauya kayan cikin matatun da daga waje ake shigo da su. Ina kai samfuri gwaji ina biya daga aljihuna. A layin bayanmu kuwa akwai wanda ya sa injin liƙe leda a ɗaki ɗaya, yana ja kai tsaye daga rijiya, ya buga lambar da ba a san asalinta ba a jikin ledar, kuma yana sayar da jakarsa ƙasa da tawa. Mai shago ba ya tambayar takardar gwaji, farashi yake tambaya. Ba na ƙin a tsaurara doka, amma idan ba za a bi kowa ba, to tsaurarawar hukunci ce a kan wanda ya yi rajista kawai.

Barista_Zazzau:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin tambayar Malam Bakano ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Fuloraid na Tibiri da arsenik na Bangaladash daga ƙasa suke, babu wanda za a kama, dole jama'a ko gwamnati su ɗauki nauyi. PFAS kuwa mutane ne suka ƙera shi suka ci riba, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A 2023 kamfanin 3M, ɗaya daga cikin masu ƙera shi, ya amince zai biya ma'aikatun ruwan Amurka aƙalla dala biliyan 10.3 cikin shekara 13, DuPont da kamfanoni biyu da suka ɓalle daga gare shi kuma suka amince da kusan biliyan 1.2. Kuɗi ne masu yawa, amma ko da ƙiyasin Hukumar Kare Muhalli na biliyan 1.5 a shekara aka bi, na 3M ba zai ɗauki nauyin dokar na shekara bakwai cikakku ba, saura kuma yana kan irin su Malam Bakano.

Kuma ba kullum kotu ke taimakawa ba. Ma'aikatar ruwan birnin Des Moines a jihar Iowa ta daɗe tana kashe kuɗi wajen cire naitiret ɗin da ke gangarowa daga takin gonaki, a 2015 ta kai ƙarar hukumomin magudanan ruwa na gundumomi uku da ke samanta, a 2017 aka kori ƙarar. A gida kuma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya gano cewa a wata unguwa ta Ogale mutane suna shan ruwan rijiyar da benzin ɗin cikinsa, wani sinadari mai guba da ke cikin man fetur, ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Sannan duk wanda ya san Kano ya san ruwan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da inda yake malala. Hana zubawa tun daga bakin masana'anta ya fi arha nesa ba kusa ba a kan tacewa bayan ya gauraya da kogi, sai dai a na farko mai masana'anta ne zai biya, a na biyu kuwa mai shan ruwa.

Injiniyan_Ruwa:
Ƙari a kan maganar Barista. A garin Flint na jihar Mishigan ta Amurka, a watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin tushen ruwa zuwa kogin da ke kusa don a rage kashe kuɗi, ba a kuma zuba sinadarin da ke hana ruwa cin tsofaffin bututu ba, wanda aka ƙiyasta bai fi kimanin dala 100 a rana ba. Dalma ta narke daga bututun ta shiga jinin yara, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jini a watan Satumban 2015. Diyyar da aka amince da ita daga baya ta kai dala miliyan 626, ban da kuɗin tone bututun. Dokar da ta wajabta hana ruwa cin bututu tana nan tun 1991, bin ta ne ba a yi ba.

Bakano_a_Ohayo:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na janye maganar ɗigo da jarka, Malama ta gamsar da ni cewa ba haka ake auna abin da ke taruwa a jini ba. Amma ban janye maganar kuɗi ba, kuma da alama ba ni kaɗai ba ne, tunda a watan Mayun 2025 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sanar da cewa za ta bar iyakar PFOA da PFOS yadda take, amma za ta ɗage wa'adin bi daga 2029 zuwa 2031, ta kuma janye iyakokin da ta sa wa wasu sinadaran huɗu don ta sake duba su. Maƙwabciyata tsohuwa ce da ke rayuwa da kuɗin fansho, ba ta taɓa mallakar hannun jari a kamfanin sinadarai ba, ga shi wasiƙar da ta zo mini ita ma ta zo mata.

Uwar_Biyu:
To, ni yanzu kun tayar mini da hankali. Ina tafasa ruwan da nake ba ƙaramin ɗana, wani lokaci in sa alam idan ya zo da duhu. Shin wannan ya wadatar?

Likitan_Yara:
Hajiya, ki ci gaba da tafasawa, domin tana kashe ƙwayoyin cutar gudawa da taifot, kuma su ne haɗari mafi kusa ga yaronki. Sai dai tafasa ba ta cire dalma ko fuloraid ko naitiret, hasali ma idan ruwan ya daɗe a kan wuta ya ƙone, abin da ya rage ya fi kauri da su. Alam kuma laka yake kwantarwa, ba za ki dogara da shi a kan waɗannan ba. Naitiret ne na fi jin tsoro ga jaririn da bai kai wata shida ba idan ana dama masa madarar gwangwani, musamman da ruwan rijiyar da ke kusa da masai, domin yana hana jini ɗaukar iska har leɓɓan yaro su yi shuɗi. Ki tambayi mai garuwar da kika saba da shi wurin da yake ɗebowa, ku haɗa kuɗi da maƙwabta a kai samfuri sashen kimiyya na wata jami'a, a auna waɗannan ukun da kuma ƙwayoyin cuta.

Tsohon_Malamin_Makaranta:
Likita, shawararka mai kyau ce, amma ka lura mun koma inda muka taso. Gwajin da Injiniya ya ce yana cikin ma'aunin ƙasa tun 2007, ga shi Hajiya da maƙwabtanta ne za su yi karo-karo su biya. Idan kuma sakamakon ya fito da ja, ban san rijiyar da za mu ce ta koma ba.

Mai_Lissafi:
Malam Bakano, idan babu damuwa ka gaya mana nawa ne ƙarin da aka rubuta a wasiƙar, da kuma yawan gidajen da ke shan ruwan garin naku. Ina so in ga ko ƙiyasin biliyan 1.5 ne ya fi kusa da abin da ke hannunka, ko na 3.8.